Shayin La'asar

Laraba da dare, Tirwun

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: ba don Yaya Nura nake dafa shayin la'asar ba, don abokinsa Sadiq nake yi. Tun da na ji ya ce yana son citta nake ƙara ta. In na kai musu ƙofar gida ko kai ba na iya ɗagowa, amma "sannu da aiki" ɗinsa kan ishe ni har washegari.

Yau na fito da tire, na tarar kowa riƙe da kofin takarda. Wai gahawa ce daga sabon shagon nan, reshen wani shagon Abuja, da samarin Bauchi suka haukace a kai. A waya suka saya, ɗan acaɓa ya kawo.

Yaya ya yamutsa fuska. "Ruwan ɗaci da wannan tsada?"

Sadiq ya yi dariya. "Sauƙi muke saya, malam. Ga shi mun hutar da ƙanwata hura gawayi."

Ƙanwata! Kuma har ransa gani yake taimakona ya yi. Na juya da tirena. Mama ta ga idona ya yi ja, na ce hayaƙi ne.

A littattafan da nake karantawa namijin yakan gane. Shi bai gane wahalar nan ce kaɗai abin da nake iya ba shi ba.

Gobe zan sake dafawa, in miƙa masa da hannuna. In ya bar shi ya huce, to na ji amsata.