Kaset ɗin da na ce ya lalace

Zuwa ga ƙanena Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya a can Amurka, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan Kagoro lafiya lau, Baba ma ƙafar ta yi sauƙi. Wasiƙar da na aika maka kwanan nan ta dawo, wai ka tashi daga gidan, shi ya sa na bar wannan a buɗe. Duk wanda ya karanta, in ya san inda kake, don Allah ya miƙa maka.

Maganar kaset ɗin da ka aiko ce.

Ranar da Fasto ya kawo shi, na tara kowa a tsakar gida, don na ɗauka gaisuwa ce za ka yi mana ɗaya bayan ɗaya, yadda 'ya'yan mutane suke yi. Na danna rediyo. Sai wani ƙas-ƙas kamar ana suyar ƙosai, sai ganga mai nauyi tana jan ƙafa, sai wasu maza suna surutu da Turanci, ba waƙa ba, ba wa'azi ba. Na ce batir ne ya yi sanyi, na kashe. Ka san halina, in na faɗi magana a gidan nan ta zauna.

Na sayo sabon batir, bai canja komai ba. Ran Asabar na ɗauki rediyon zuwa Kafanchan, wurin wani mai gyara kusa da tashar jirgi. Ya saurara, ya ce injin ne yake ja, ya ƙara masa gudu. Mutanenka suka koma kukan 'yan tsaki. Da na sa kaset ɗin waƙoƙin coci a wurin koyon waƙar zumuntar mata, mata suka bi shi har numfashi ya ƙare musu, wata tsohuwa ta tambaye ni ko korarmu ake yi. Dole na koma aka mayar da injin yadda yake.

Daga nan na yanke hukunci, na rubuta maka. Na ce zafin hanya ya lalata kaset, har akwai wurin da yake maƙalewa yana maimaita abu ɗaya. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa ban ga abin da ɗan mawaƙiya zai ji a wannan surutun da kuke kira rap ba, ka daina aiko mana shara. Tun daga ranar ba mu sake ganin rubutunka ba.

Hutun makarantar nan ina wankin acca, an are sauran kaset-kaset ɗina zuwa biki, sai na sa naka don gidan ya yi shiru da yawa. Ka san acca ba ta son gaggawa, in ka yi sauri yashi ya bi ka har tukunya. Can sai na ga hannuna yana juya ƙwarya daidai da gangar. Na lura mutanen nan ba faɗa suke yi ba, ba irin wanda samari suke ƙure wa murya a tasha ba ne. Wannan ya faɗi tasa a natse, wancan ya karɓa, su yi 'yar dariya, kakaki ya leƙo ya koma. Ina koyar da Turanci, amma rabin maganar ta wuce ni, duk da haka ban so ta ƙare ba. Na tsinci kaina ina gyaɗa kai, ni da nake jagorar mawaƙan coci, har na waiga ko wani ya gan ni.

Sai aka zo waƙar ƙarshe, wurin da na ce yana maƙalewa. Mace ta yi gyaran murya sau biyu, ta ja baiti ɗaya, a dawo, ta sake. Ishaya, ƙwaryar ta kuɓuce mini.

Marigayiya Mama ce. Haka take gyaran murya kafin ta tayar da waƙa a coci, mu kuma muna mintsinin juna a benci. Tsohon kaset ɗinta na bikin godiyar girbi ne, wanda muka yi ta nema bayan tafiyarka. Ka rage masa gudu, ka shimfiɗa ganga a ƙarƙashi, ƙas-ƙas ɗin kuma tsufansa ne. Muryar da take magana a kai taka ce, ta yi kauri. Na ji ka ambaci dutsen Kagoro, na ji ka ambaci yayar da ta goye ka zuwa makarantar Lahadi.

Kunya ta ishe ni, ƙanena. Na yi shekaru ina tsaye kafaɗa da kafaɗa da ita muna waƙa, amma ban gane uwata ba, ban gane ka ba. Na kai ku wurin mai gyara, na kuma kira ku shara da hannuna.

Na sa wa Baba. Ko baitin ba a kai ba ya cire hularsa ya ce, "Ga ta nan, za ta tayar." Da ta ƙare ya tambayi wanda ya ce kaset ɗin ya lalace. Na sunkuyar da kai ina tsince accar da ta zube.

Ka yafe mini. In akwai wasu irin waɗannan masu tafiya a hankali, ka aiko, ka gaya mini yadda ake jin su, ni sabuwar shiga ce. In ba za ka aiko ba, layi ɗaya ma ya isa, mu san kana nan.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka, ya sa wannan ta same ka, ya sanyaya zuciyarka a kaina. Rediyon yana nan da sabon batir, kuma ba wanda zai sake taɓa masa inji.

Yayarka,
Rifkatu