Gobe Za A Kira Sunanki A Kotu, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, a durƙushe kamar yadda na saba yi a ƙofar ɗakinki. Ina roƙon Allah Ya sa wannan yini ya same ki cikin rahama a makwancinki. Yayyena duk suna lafiya a gidajensu. Damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Amma maganar ta cika mini ciki, kuma duk wanda zan faɗa wa a garin nan ya riga ya zaɓi ɓangarensa. Shi ya sa na rubuta a inda mutane za su karanta. Tunda sun daɗe suna yi da ni a bayan ido, gara su ji daga bakina. Ba zan ambaci sunan ƙauyenmu ba, ba zan ambaci sunan makarantar ba. Waɗanda suka sani sun sani.

Inna, gobe da safe zan ɗora Ummi da uwarta a babur mu tafi kotu a Gaya. Ummi dai 'yata, takwararki, wadda kika bari tana koyon wanke-wanke. Malamin da ke koyar da su a Islamiyyar da aka gina a gonarki ya ɓata ta. A takardar kotu an rubuta fyaɗe. Na daɗe ban iya furta kalmar ba, yanzu na koya. Yarinyar ko shekara goma ba ta cika ba.

Tsoro nake ji, Inna. Ban taɓa jin irinsa ba.

Kin tuna gonar, wadda ke gefen hanyar Gafasa. Ita kaɗai kika gada daga mahaifinki, kuma gyaɗar da take bayarwa ita ta yi mana suturar salla har muka girma. Da kika ce kin ba da ita waƙafi a gina wa yara makaranta, ni ne na fi kowa ɓata rai, don na riga na sa mata ido. Kika dube ni kika ce, “Tanko, kai da ko kaza ba ka iya kora daga kan shanya ba, yau kai ne da fushi?” Aka yi ta dariya, na rasa inda zan sa kaina. Bayan nan da kanki kika dasa bishiyoyin darbejiyar da ke harabar, kina kare su daga awaki, kina zuwa da buta kina ba su ruwa da rani.

Kin san al'adar makarantar. Ranar Alhamis ba karatu, sai a zaɓi 'yan mata su je su share azuzuwa da ɗakin malam, don neman albarka. Duk mun yi irinta a makarantun allo na zamaninmu, babu uban da ya taɓa tambayar wa ke wurin in yaran sun je. Da Ummi ta fara ƙin zuwa, ca muka yi ƙiwa ce. Ta daina cin abinci sosai, ta daina wasa da ƙannenta. Wata Alhamis ta dawo tana tafiya da ƙyar, uwarta Asabe ta ja ta ɗaki ta rarrashe ta, sai ta faɗa.

Asabe ta yi abin da ta ga iyaye suna yi. Ta hura wuta, ta dafa ruwa da bagaruwa, ta zaunar da yarinyar a ciki, ta gasa mata jiki. Ta wanke kayan da ke jikinta tas, ta shanya. Sai da ta gama duk wannan na dawo daga gona ta gaya mini.

Da muka isa asibiti, tambayar farko da likita ta yi ita ce ko an yi mata wanka. Asabe ta ce an yi, har da ruwan zafi, tana faɗa kamar mai jiran a ce ta kyauta. Likitar ta ajiye biro. Daga baya ta yi mana bayani a hankali: raunin yana nan, za ta rubuta shi, amma abin da zai nuna wane ne ya yi, ruwan ya tafi da shi. Asabe ta zauna a ƙasa a gaban mutane. Ban taɓa ɗora mata laifi ba, Inna. Da kina nan, na san ke za ki riga ta ɗauko itacen.

To kin ji inda shari'ar ta tsaya. Rahoton likita ya ce an yi. Wanda zai ce wane ne ya yi, bakin Ummi ne kawai.

A ofishin 'yan sanda mai rubutu ya tambaye ni sunan yarinya, na ce Ummi. Ya ce sunan yanka yake nufi. Nan na tsaya kamar an dasa ni. Tunda na yi wayo ban taɓa kiran sunanki ba. Ko ranar sunanta, raɗa wa liman na yi a kunne. Na faɗa ƙasa-ƙasa, ya ce bai ji ba, in ɗaga murya. Haka na fara furta sunanki da ƙarfi a duniya, a gaban kantar 'yan sanda, ana rubuta shi a takardar ƙara. Na fito na jingina da babur na yi kuka, 'yan adaidaita suna kallona.

Washegari ƙaninki Kawu Sale ya zo, shi da mai unguwa. Kin san shi ne shugaban kwamitin makarantar. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na kawo ruwa. Kawu ya ce, “Tanko, abin da ya faru ya faru. Ka janye, mu rufa wa addini asiri, mu rufa wa yarinya asiri. Gobe aure za ta yi.” Ya ce malamin zai tattara kayansa ya bar garin ba tare da kowa ya ji ba.

Na ce, “Kawu, in ya bar nan ina za shi?”

Ya ce akwai wani ƙauye can wajen Balan da ke neman malami.

Na ce, “To kafin ya zo mana, daga ina yake?”

Kawu ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi ƙasa. Ashe haka aka sallamo shi daga inda ya fito, a asirce, da addu'a da musafaha. Kwamiti ya ji ƙishin-ƙishin tun lokacin, amma aka ce mutum ne mai kyan ƙira'a, kuma ba a kama shi da hannu ba. Inna, kin san ni da sanyin hali. Ranar nan ni na naɗe tabarma baƙi ba su gama tashi ba. Ki yafe mini, ƙaninki ne, amma ban yi nadama ba.

Tun daga nan rayuwa ta canja. Lauyar gwamnati da ke riƙe da ƙarar ta ce shi ma kwamiti sai ya zo ya faɗi abin da ya sani da lokacin da ya sani, aka aika wa Kawu sammaci. Ya daina amsa gaisuwata. A masallaci in na shiga sahu, na kusa da ni sai ya ɗan ja kafaɗarsa. An ce na kai malami gaban 'yan boko, an ce wata ƙungiya ce ke zuga ni. Wallahi babu mai zuga ni, ni da ko a gaban dagaci ban taɓa tsayawa ba. Malamin yana tsare, lauyansa kullum yana neman beli. Mun je an ɗage, mun koma an ɗage. Wasu iyayen sun cire 'ya'yansu shiru, amma ko ɗaya bai zo ya ce mini zai tsaya tare da ni ba. Masu duba makarantu sun zo, sun ce mai yiwuwa a rufe ta sai an gama bincike.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya karya mini gwiwa a makon jiya ya faru.

Lauyar ta zo ta zauna da Ummi don ta shirya ta. Mace ce mai haƙuri, a tabarma take zama ta cire takalmi. A baya Ummi ta faɗa mata komai. Wannan karon ta ƙi buɗe baki, sai girgiza kai. Aka yi rarrashin duniya, shiru. Sai bayan lauyar ta tafi Ummi ta gaya wa uwarta dalili. A wani gidan suna da suka je, matar Kawu ta ja ta gefe ta ce mata duk harafin da aka karanta a makarantar nan haske ne a kabarin Kaka. In ta yi magana a gaban alƙali za a sa wa makarantar kwaɗo, Kaka ta kwana a duhu. Ta ce, “Ke da kika ci sunanta, ke za ki kashe mata fitila?”

Inna, wannan yarinyar a bayanki ta girma. Ke ce kike ɓoye mata ƙuli-ƙuli a cikin kwalla. Har yau in an yi tuwon dawa sai ta ce irin na Kaka. Sun san inda za su taɓa, nan suka taɓa.

Kuma ba zan ɓoye miki ba, maganar ta shige ni ni ma. Ni ba malami ba ne. Na yi ta juya ta a raina: in aka rufe makarantar, na yanke miki ladan da kika bar gonarki saboda shi? Na hau babur na je Gaya wurin wani dattijon malami da ba ya cikin rigimarmu, na zayyana masa komai. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ladanki yana ga niyyarki, kuma niyyar tana wurin Wanda ba a sa wa kwaɗo. Ya ce rufa asiri da ake kwaɗaitarwa ba shi ne a miƙa 'ya'yan wani gari ga wanda aka san halinsa ba. Na ji sanyi, amma ban kai gida ba zullumin ya dawo. Daga bakinki nake son ji, ke kuwa kin yi nisa.

Sai yau da hantsi, ina gyara babur saboda tafiyar gobe, wani abu ya faɗo mini. Ranar da aka aza harsashin ginin, maza suka ce za a rubuta sunanki a allon ƙofa. Kika aiko daga cikin gida cewa ba ki yarda ba. Kawu ya shiga ya matsa miki, ina tsaye a bakin ƙofa ina ji. Kika ce, “Sale, ni ba bulo na ba Allah ba. So nake mace ta tura ɗanta karatu ta koma kan girkinta hankalinta kwance. In an samu haka, na samu abin da nake nema.”

Na wanke hannu na shiga gida. Ummi na zaune a gindin turmi tana ɓarar gyaɗa. Na zauna kusa da ita na ɗebi tawa, na ba ta labarin nan kamar yadda na ba ki yanzu. Na ce mata Kaka don yara ta ba da gonar, kuma ita ma tana cikin yaran. Na ce in da Kaka na nan, ita za ta riƙe mata hannu har ƙofar alƙali. Na faɗa da ƙarfin zuciya kamar kin aiko ni. In na yi miki ƙarya, Inna, ki yafe. Amma ban jin na yi.

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, “Baba, a can ma Ummi za su ce?”

Na ce a'a, a kotu sunan yanka ake kira.

Ta ce, “Sunan Kaka?”

Na ce eh.

Ta daɗe tana kallon gyaɗar da ke hannunta, sannan ta tashi ta kai wa uwarta kwanon. Ba ta ce za ta yi magana ba, ba ta ce ba za ta yi ba. Ni kuma ban tambaye ta ba.

Lauyar ta ce ba a cikin taro za a saurare ta ba. Za a fitar da jama'a, uwarta kawai za ta zauna kusa da ita, ni a waje zan tsaya. Ta kuma gaya mini gaskiya: in yarinyar ta yi shiru, ƙarar na iya rushewa, mutumin ya fito. In ya fito, ƙauyen nan na wajen Balan har yanzu bai samu malami ba. Akwai 'yan mata a can da za a tura shara ranar Alhamis, iyayensu ba su san ma ana wannan shari'a ba. Su nake gani in na rufe ido.

Duk da haka na yi wa kaina alkawari, ina kuma yi a gabanki. Ba zan tilasta mata ba. An riga an tilasta mata abin da ya ishe ta har ƙarshen rayuwa. In ta yi magana, alhamdu lillahi. In ta kasa, zan ɗora ta a babur in kawo ta gida, in ce mata ta yi ƙoƙari, kuma ba za ta taɓa ganin wani abu a fuskata ba. Nauyin namu ne mu manya, mu muka tura ta.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Allah Ya haskaka makwancinki da hasken da ba ya hannun kowa a garin nan. Allah Ya karɓi gonarki a kan niyyar da kika bayar da ita. Ya warkar da takwararki, Ya sanyaya zuciyar uwarta, Ya tsare 'ya'yan mutane a duk inda aka tura su karatu. Ya ba alƙali ikon ganin gaskiya. Shi ma Kawu, Allah Ya sa in an tambaye shi ya faɗi abin da ya sani.

Asabe ta goge wa Ummi kaya, na zuba mai a babur. Gobe za a kira sunanki a kotu, Inna, ina bayan ƙofa ina saurare. Ban sani ba ko za a amsa.

Wassalam.

Naki har kullum,
Tankonki