Katin golan da Baba Isa ya yaga

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zagi kam na san zan sha, ku zaga amma ku karanta har ƙarshe.

Masinja ne ni a wani kamfanin motoci a West Bay, ni ke ɗauko wasiƙu daga akwatin gidan waya na kamfani, don a Doha ba a kai wa mutum wasiƙa gida. Ɗakinmu ɗaya da wani dattijo direba, zan kira shi Baba Isa. Lokacin kullen korona zaman banza ya sa ya ga bidiyon wani Bature da ke aika wa tsofaffin 'yan wasan besbol katin hotonsu ta gidan waya, su sa hannu su dawo masa da shi. Shi ke nan Baba ya kamu. Ya sa aka buga masa katunan tsofaffin 'yan ƙwallonmu na gida, ya yi ta farautar adireshi, ya duƙufa rubuta wasiƙu kamar mai neman aure. Ta farko wani tsohon gola ya rubuta wa, wanda tun Baba yana yaro marigayi mahaifinsa ke ɗora shi a wuya su je kallon wasansa. Ni yake ba wasiƙun in kai gidan waya, amma ita kaɗai na aika. Sauran a lokar ajiyar kayana na zuba su, don ni a ganina wauta ce, mutum da furfurarsa.

Da ya ishe ni da "Ɗana, ba saƙo?" kullum, sai na zaro kati ɗaya na yi wani jagwalgwalo a kai na kawo masa, na ce saboda korona ofis ke yage ambulan su yar. Wallahi har sujadar godiya ya yi, mu kuwa 'yan ɗaki muka fita waje muka yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan duk bayan wata biyu sai in ba shi ɗaya. Ya saya musu leda mai kauri, ba mai taɓawa sai ya wanke hannu.

Bayan kusan shekara biyu sai ga amsar golan ta gaske, da kan sarkin Najeriya da hatimi. A bayan katin ya rubuta, Allah ya jiƙan mahaifinka. Na ɓoye ambulan ɗin don kada ta tona asirin sauran, na miƙa masa katin kawai. Ranar ko abinci bai ci ba, kuka ya yi ta yi. Ba a jima ba muka ji golan ya rasu.

Da gasar kofin duniya ta zo aka ba Baba jigilar baƙi zuwa filin wasa na Lusail, cikinsu har da wani ɗan wasan da na yi wa sa hannun ƙarya. Ni na zuga shi ya je da katin ya yi godiya, na bi shi ina ɗauka da waya. Mutumin ya duba, ya ce shi ba wasiƙar da ta taɓa zuwa masa, wannan kuma ba hannunsa ba ne, wani ne ya yi wasa da hankalin Baba. Na tura bidiyon a guruf ɗinmu na 'yan Arewa, har yau Baba Sa-hannu wasu ke kiransa.

Baba bai yi faɗa ba. Da muka koma ɗaki ya tambaye ni ko duka ni na yi, ni kuma don kada a ga na karaya na ce eh mana, khalas, shi ke nan, ai wasa ne. Ya yage katunan ɗaya bayan ɗaya ya zuba a shara, na golan ne na ƙarshe, ina tsaye ina kallo ban gaya masa wannan na gaske ne ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne ya yafe min komai, ban da saka mahaifinsa da ke kabari cikin wasana, wannan sai a gaban Allah.

Ran Juma'a zai koma gida gaba ɗaya, ambulan ɗin kuma tana jakata. In na nuna masa, na wanke kaina daga abin da ya ƙi yafewa, amma zai san addu'ar nan ta gaske ce, da hannunsa ya yaga ta, mai rubutun kuma ba ya duniya. In na yi shiru zai tafi da Allah-ya-isa a kaina. Gaskiya tsoron wannan ya fi tausayinsa yawa a raina, kuma ina jin kunyar hakan. Jama'a, in nuna masa ko in bar shi ya hau jirgi haka?