Tabon Malami Mahauci

Argungu, Litinin

Zuwa ga ɗiyata Balaraba, a unguwar Badariya, Birnin Kebbi.

Bayan gaisuwa da tambayar yara. Okwudili mai shagon magani ke rubuta man wannan, na ce kar ya gyara ko kalma guda. Wayar da kike ta bugowa tana cikin buhun shinkafa, can za ta zauna.

Na baro asibitinku ba sallama, kuma ban yi nadama ba. Likitan nan Zakka ya ce ciwon daji ne a tumbina, na yarda, tunda abinci ya daina zama. Amma wai zai huhhuda ni, ya zura ƙarfe mai ido, yana kallon talabijin yana yanka. Ni za a koya ma yanka? Tun ban da gemu nike fiɗa a mahautar garin ga, ban taɓa ganin wanda ya gyara tumbi bai tsaga ciki ya sa hannu ba. Da sunka yi ma ƙanena Tamba, daga ƙirji har cibiya sunka buɗe shi, gari kaf ya tafi dubiya. Har yau ɗaga riga yake yi a kasuwa yana nuna tabon. Ni da na girme shi za a ba ɗan aikin sallamar tsoho? Na san mijinki Abdussamadu ya zaɓa, don kar in daɗe muku a gida.

Allah shi kyauta. Ubanki, Malami.

Birnin Kebbi, Laraba

Baba, ina gaishe ka da girmamawa, ya ƙarfin jiki?

Ka yi haƙuri, amma raina ya ɓaci. Abdussamadu ya kwashe kayansa daga ɗakin zaure don ka samu wurin jinya, shi ne kake zargi.

Na koma wurin Likita Zakka. Ya ce abin da za a cire ta huda shi ne dai za a cire ta tsagawa, ba a ragewa. Na Baba Tamba ya riga ya yi girma, shi ya sa aka buɗe shi. Naka an kama da wuri. Ya ce ƙirjinka ya sha hayaƙin babbaka, babban yanka zai kwantar da kai ya hana ka tari, na huda kuwa jini kaɗan ne, ka tashi da wuri. In ya shiga ya ga sai an buɗe, zai buɗe. Abu ɗaya ya ce in faɗa maka: ciwon ba ya jiran fushinka ya huce.

Ka tuna yadda Baba Tamba ya kwanta har aka girbe shinkafa, ɗinkin yana ruwa. Wannan ba ya nunawa a kasuwa.

Allah ya ƙara lafiya. Ɗiyarka, Balaraba.

Argungu, Asabar

Balaraba, ina gaisuwa.

Boko ya koya maki gyara ma uba magana, na gani. Jiya ko kunu bai zauna ba, Okwudili ya ƙi sayar man maganin amai, wai in tafi Birni. Kowa ya zama likita.

To ki ji sharaɗina. Duk dabbar da na yanka na iske hanta ta ɓaci, sai na kira mai ita na aje mashi a faranti ya gani da idonai, sannan in yar. Haka iyayenmu sunka yi. Mutum na barci a huda shi, a ce mashi an cire, mi zai kama? Zakka shi nuna man abin da ya fitar. In ya ƙi, ku bar ni in mutu a gidana, a kan tabarmata.

Malami.

Birnin Kebbi, Lahadi

Baba, barka da hutawa. Likita ya yi dariya, ya ce naman da zai cire sai an kai shi ɗakin gwaji, amma zai ɗauki hotonsa a faranti kafin nan. Abdussamadu na tafe da mota gobe. Don Allah kar ka shiga bayan gida ka kulle kamar ran da muka fara zuwa ɗaukarka.

Ɗiyarka, Balaraba.

Argungu, bayan sallar layya

Balaraba, gaisuwa gare ki da mutanen gida.

Yanzu da an yi aikin, na ci tuwon shinkafa loma kaɗan da romon kifi, ya zauna. Yankan Zakka a hoton ba laifi, ko da yake da ni ne da na fi shi daidaita bakin yankan.

Amma kun cuce ni. Na ɗaga riga a mahauta, Tamba ya duƙa ya daɗe yana neman tabon, ya tambaya ko cizon sauro ne. Ana ta dariya har masu kifi. Ba wanda ya yarda an taɓa ni.

A wanke man hoton nan babba, a sa mashi gilashi. Abdussamadu shi kawo da kanshi ran kasuwa, shi tsaya kusa da ni shi ba da shaida. Na aje mashi ƙafar rago.

Ban huce ba tukuna. Allah shi yi maku albarka.

Ubanki, Malami.