Makullin Hadi da Kujerar Makka

Ƙofar Marusa, Katsina
3 ga Rajab

Zuwa ga Malam Salahuddeen, shugaban ƙungiyarmu ta ma'aikata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Ya iyali?

To Shugaba, aikin da ka sa ni na cika. Da safe na garƙame ƙofar ma'aikata da kwaɗo, kwaɗon shagon Gwaggo ma na aro. Darakta ya zo ya yi ta hon, na ce ranka ya daɗe, yau direbanka yana yajin aiki. Ka ga idonshi kuwa!

Wallahi abin da ciwo. Kai ka tara mu lokacin da soja za su koma bariki, ka ce mu zaɓi mutanen nan, namu ne. Ni da motar haya na yi ta kwasar tsofaffi zuwa rumfar zaɓe. Yau an ce asusun jiha ba komai, mu yi haƙuri da albashi. Haƙuri ake tuƙawa da dare? Ɗiyata Muhsina an koro ta daga makaranta. Ka tsaya mana a teburin tattaunawa da gwamnati, muna bayanka.

Naka tun muna makarantar allo,
Hadi Direba

*

8 ga Rajab

Malam Hadi,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu takardarka, kuma ƙungiya tana yaba ƙoƙarinka. Tattaunawa da gwamnati tana tafiya yadda ya kamata. Ka kwantar da hankalinka, muddin ina numfashi babu mai taɓa aikinka. Makullin nan kada ka ba kowa, ko wane ne, sai na zo da ƙafata na karɓa daga hannunka.

Wassalam,
Salahuddeen, Shugaba

*

Ƙofar Marusa
12 ga Shawwal

Salahu,

Sallama dai. An sha ruwa lafiya, an yi Salla lafiya? Mu namu azumin da kunu muka kai shi.

A rediyo na ji an janye yajin aiki. A rediyo, Salahu! Washegari aka fasa kwaɗon da guduma, ni kuma aka miƙo mani takardar kora, wai na rufe ofishin gwamnati da gaban kaina. Da gaban kaina? Ni Hadi, da ko tayar mota ba na canzawa sai an ce in canza?

Na je gidanku Ƙofar Durbi, aka ce ka tashi ka koma GRA. Na taka har can. Maigadinka ya ce kana barci, alhali ina jiyo dariyarka ta taga. Shi zan bar wa wannan takarda.

Ban roƙe ka kuɗi ba. Layi biyu kawai za ka rubuta masu, ka ce ƙungiya ce ta sa ni. An ce da haka za a mayar da ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma har yanzu ina cewa yara Baffansu Salahu bai san abin da ake ciki ba.

Hadi

*

GRA, Katsina
20 ga Zulƙida

Ɗan'uwana Hadi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka fatan alheri kai da iyali.

Allah ya kira ni ɗakinsa. Gwamnati ta ba ni kujerar Makka, jirginmu zai tashi ranar Asabar. Kamar yadda aka saba, na zaga dangi da maƙwabta neman gafara, saura kai. Malamin da ke mana bita ya ce haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, kuma a gaya masa laifin. Don haka zan gaya maka.

A ranar sulhu sun ce dole a hukunta wanda ya ba da umarnin rufe ƙofa. Na ce masu ƙungiya ba ta san da zancen ba, kai ka yi gaban kanka. Na ɗauka jan kunne kawai za su yi maka. Takardar da kake nema ba za ta yiwu yanzu ba, domin ana maganar tsayar da ni takara, kuma za ta zama makami a hannun abokan hamayya. In Allah ya ba mu nasara, ba zan manta da kai ba.

Ka yafe mani don Allah. Ka ba ɗan aiken nan amsa, kalma ɗaya ta isa. Zan sa ka a addu'a a Arfa.

Naka,
Salahuddeen

*

Ƙofar Marusa
21 ga Zulƙida

Maniyyaci,

Wa alaikumus salam. Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa lafiya.

Ashe ka sani. Yau na daina yi wa yara ƙarya.

Ɗan aikenka yana tsaye yana jira, ga amsa. Kai ka ce kada in ba kowa makullin nan sai ka zo da ƙafarka. Yana nan rataye a ƙusa, ban ba kowa ba. Yafiyar ma ba a ba ɗan aike.

Yau Alhamis. Ka san gidan, kuma mu ba mu da maigadi.

Hadi