Saƙo Shida Daga Lugbe

Yaya Ilyasu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, gwargwado. Ba son biro ya sa na rubuto da hannu ba, wayata ce na daina yarda da ita.

A siton wurin aikinmu da ke Idu na ga ana canza wa magungunan da suka lalace kwanan wata. Na rubuta wa hukuma imel ba suna, na kunna VPN, manhajar da ke ɓoye inda mutum yake. Sau shida ina turawa, saƙon ya ƙi fita. Sai na nuna ilimin jami'a: na zare filogin rauta, akwatin intanet ɗin gidana, na mayar. Intanet ya dawo, VPN bai dawo ba. Duka shidan suka tafi tsirara daga falona.

Jiya oga, wanda ban taɓa gaya wa unguwata ba, ya tare ni yana murmushi: "Madam Nabilah, yaya sabis a Lugbe?"

Kada Inna ta ji. Ka sa a share min ɗakina, kuma ku yi min addu'a.

Ƙanwarka,
Nabilah