Na Sa Gwaggo Ta Shanya Etiket Ɗinta A Rana

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a sakaya sunana, Madarumfa ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mini a wuya.

Ni ce mai buga wa ƙungiyar matanmu etiket, wato 'yar takardar nan mai sunan kaya da ake mannawa a jikin leda. Muna yin garin zogale da busasshen tumatir, sai wani babban shago a Maraɗi ya ce ba ya karɓar kaya sai da lambar nan mai layi-layi da ake haskawa wajen biya. Da yake ni na yi lise, wato sakandare, ni aka koya wa lojisiyel ɗin, manhajar tsara etiket a ordinatar, kwamfuta ke nan, in tsara suna da nauyi da lamba, in tura wa 'yar imprimant, na'urar buga takarda, ta fitar.

Gwaggona, ƙanwar babana, garin zogalenta ya fi na kowa kyau, kore shar, nata kaɗai shagon ya zaɓa. Sai dai bakinta ba linzami. Ranar sunan jikanta, gaban mata cike da gida, ta ce shekara tara da aure ban haifi komai ba sai takarda, wai imprimant ɗina ma ta fi ni haihuwa. Aka kwashe da dariya har da tafi. Ni ma na yi dariya, na koma gida na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Bayan sati biyu ta zo a buga mata etiket, ko a jikinta. To takardar iri biyu ce, akwai mai aiki da ruban, wato ƙyallen tawada, wadda rana ba ta yi mata komai, akwai wadda zafi ne ke yin rubutu a kanta, in ta sha rana sai ta koma baƙa ƙirin. Ina sane na canza saitin a lojisiyel, na sa ta biyun. Na ƙawata mata shi sosai, har da hoton ganye, ta riƙa juya shi tana sa mini albarka, don ba ta iya karatu ba amma ta san siffar sunanta. Sai na ce in ta manna, ta shanya ledojin a kan rufi gam ya kama. Ta ce zogale fa ba ya son rana, na ce daga hantsi zuwa azahar ne kawai, haka masu ilimin abin suka ce. Mu da komai shanya shi muke yi, nan take ta yarda.

Da ta sauko da su duk sun yi baƙi, ta ɗauka haka ake so, ta cika buhu ta hau mota. A shagon aka haska, na'ura ta ƙi karantawa, ko ƙara ba ta yi ba, garin ma ya koɗe. Mai shagon ya kore ta gaban mutane, ya ce kada ta sake kawo masa kaya. Yanzu mata na kiranta Hajiya mai shanya lamba, ta daina zuwa taron ƙungiya, ko biki ba a ganinta. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi, har na tsaya ana ba ni labarin sau uku.

Jiya da la'asar sai ga ta a gidana, ta rame, da sabon buhu a ka. Ta durƙusa, wai ta zo ba ni haƙuri ne ta ɓata mini aiki, ƙila ta wuce lokacin da na ce. Ta ce in karɓi garin in buga sunana a kai, tunda nata sunan ba shi da sa'a, ita ta bar sana'ar. Maganar ranar suna kuwa ko tuna ta ba ta yi ba, wannan ya ƙara ƙona mini rai.

Buhun na nan a ɗakina. Na riga na goge sunanta a lojisiyel na rubuta nawa, na sa takarda mai kyau, dannawa kawai ya rage. Jama'a, in danna in yi shiru, ko in je in faɗa wa matar da ta durƙusa tana ba ni haƙuri cewa ni na yi mata?